Tantan na Kara da Shanun Laka

Yau ba zancen miya za mu yi ba, ba kuma na ɗinki ba. Zancen tarkacen nan ne da yara kan bari a tsakar gida, mu kuwa mu sa tsintsiya mu share muna faɗa. Watau tantan na kara, da motar gwangwani, da shanun laka, da 'yar fartanya. Na san wata za ta ce, "Ashe har abin wasan yara ya isa a ɓata masa takarda?" I, ya isa. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, sa'an nan ki yanke hukunci.

ABIN DA MUKA TASO MUKA GANI

Duk wadda ta tashi a Sanyinna, ko Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Jabo, ko can ƙasar Kebbe, ta san a da ba a saya wa yaro abin wasa a kanti. Gona ita ce kantin yara, bakin rafi shi ne kasuwarsu. Abin wasan ma tafe yake da lokaci, kamar yadda aikin gona ke tafiya.

Ku tuna da damina. Da ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, sai yara maza su nufi bakin kududdufi su ɗebo laka. Su murza, su gina bijimi da tozonsa da ƙahoninsa, su shanya a rana. In an sami biyu sai a gitta musu tsinke a wuya, ya zama karkiya. A lanƙwasa guntun gwangwani a ɗaura a baya, ya zama garma. Shi ke nan, sai ka ga yaro ya durƙusa yana huɗa a gindin zana, yana yi wa shanunsa tsawa da irin muryar ubansa.

Mu kuwa 'yan mata ba a bar mu a baya ba. Mu ne masu ginin rumbu. A gina shi zagaye, a ɗora shi bisa 'yan duwatsu don kada ruwa ya ci gindinsa, a yi masa jinka da ciyawa. Mu ne masu turmi da taɓarya, da tukunya da murhu. A tuƙa tuwon ƙasa, a yi miyar ganye, a ɗora a sakaina a kai wa "manoma" can bayan ɗaki. Su kuwa su zauna su yi kamar suna ci, har da cewa gishiri ya yi kaɗan.

Akwai kuma 'yar gona ta gaske. Yaro ya roƙi ƙwayar gero da ta wake wajen uwarsa, ya shuka a bayan gida. Kashegari tun da sassafe ya je ya tone ya ga ko ta tsiro. A yi masa dariya, a ce masa shuka ba ta son leƙe. Sannu a hankali ya koyi jira. In ya ƙara tasawa sai ubansa ya je wajen maƙeri a ƙera masa 'yar fartanya daidai hannunsa, wadda mu a ƙasar Sakkwato mukan ce wa kalme. Ran da yaro ya sami kalmensa na fari, ko sarki bai fi shi jin daɗi ba. Daga nan sai gayauna, watau 'yar gonar da uba kan yanka wa ɗansa, abin da ya noma a ciki nasa ne.

'Ya'yan masu lambu a fadama su kuma jigo suke kwaikwayo. Su kafa itace mai reshe biyu, su gitta doguwar sanda, su ɗaura curin laka a gefe ɗaya, guntun ƙwarya a ɗaya gefen. Su haƙa 'yar rijiya da fangali ƙanana, su yi ta ban ruwa har magariba.

Amma babban lokacin yara shi ne kaka. In an girbe gero, daga baya aka yanke dawa, kara ya cika gari. To, a nan ne gwanaye ke fitowa.

YADDA AKE HAƊA TANTAN NA KARA

Na san akwai 'yan makaranta da ba su taɓa gani ba, to, ga yadda ake yi. Karan dawa ake nema, wanda ya bushe amma bai ruɓe ba. A fere ɓawonsa sili-sili, a ajiye gefe, gama shi ne ƙusa. Farar totuwar da ke ciki ita ce katako. A yanka totuwa biyu dogaye daidai wa daida, a jera su, a soke su da silin ɓawo su haɗu. Wannan shi ne gindin mota. A gaba a ɗora gajerun totuwa uku ko huɗu, su zama inji. A kafa ɗan tsinke a tsaye, ya zama bututun hayaƙi. A baya a yi kujera ɗaya tak.

Sauran ƙafafu, a nan ne aikin yake. Sakaina ake samu, a zana da'ira, a goga a dutse har ta yi zagaye. Biyu manya na baya, biyu ƙanana na gaba. A huda tsakiya, a zura tsinke mai ƙarfi, a toshe bakinsa da guntun totuwa don kada ƙafa ta fita. In ramin bai zauna a tsakiya sosai ba, mota za ta riƙa ɗingishi. In ya matse, ƙafa ba ta juyawa. In ya yi faɗi, sai ta yi ta rawa. Daga ƙarshe a ɗaura dogon kara a baya, yaro ya riƙe yana turawa, bakinsa na yin kukan inji.

Waɗanda suka ƙware sukan wuce nan. Su samo gwangwanin madara da waya da tsohon silifa, su ƙera motar langa-langa mai sitiyari, wadda in an murɗa sama ƙafafun gaba su juya. Har tirela ake haɗa mata a yi lodin zangarniya.

INA YARA SUKA GA TANTAN?

Yaro ba ya ƙera abin da idonsa bai gani ba. Kakannin kakanninmu doki da raƙumi da jaki suke ginawa, gama su suka sani. Garmar shanu kanta baƙuwa ce. A wajen ƙarshen shekarun 1920 ne ma'aikatan gona na zamanin Turawa suka shiga koya wa manoman Arewa noma da shanu. Da abin ya bazu a ƙauyuka, sai ga shi ya fito a wasan yara.

Ita kuwa tarakta, wadda muka fi sani da tantan, asalinta can Amurka ne. A 1892 wani mutum mai suna John Froelich, a jihar Iowa, ya haɗa injin noma mai shan mai wanda ke tafiya gaba da baya da kansa. Bayansa aka yi wani Bature mutumin Ailan ta Arewa, Harry Ferguson. Shi ne ya ƙago dabarar maƙala garma a jikin tarakta ta wuri uku, yadda direba zai ɗaga ta ya sauke ta yana zaune. A 1946 aka fara ƙera 'yar taraktarsa mai ruwan toka a birnin Coventry na Ingila. A 1953 kamfaninsa ya haɗu da wani kamfanin Kanada, daga nan aka sami Massey Ferguson, jar tantan ɗin nan da kowa ya sani. Shi ya sa yaro in ya sami jan fenti ko jar ƙasa, sai ya shafa wa tasa.

A ƙasarmu an gwada babban noman inji a Mokwa daga 1949 zuwa 1954, amma bai yi albarka ba. Inji ya iya kafce fili mai faɗi, amma nome ciyawa da girbi sai da hannu, hannuwan kuwa ba su isa ba. A nan lardin Sakkwato, cikin shekarun 1950, an sa manyan taraktoci kaftun fadamun shinkafa. Daga baya aka yi shirin ciyar da ƙasa na 1976, aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, aka kuma yi shirin bunƙasa noma na 1980 a zamanin Shugaba Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato. A waɗannan shekaru ne tantan ta yawaita, har aka kafa masana'antar harhaɗa ta a Bauchi. Waɗanda suka yi ƙuruciya a lokacin ba za su manta ba. Da an ji kukanta daga nesa, sai yara su watsar da abin da suke yi su bi ta da gudu har bakin gona. Kafin kwana biyu kowane lungu ya cika da tantan na kara.

ABIN DA YARO KE KOYO

To, uwar gida, ga inda nake so ki kasa kunne. Yaron da ya zauna rabin yini yana goga sakaina ba ɓata lokaci yake ba. Awo yake koyo, gama in totuwa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, mota ta karkace. Lissafi yake koyo, gama sai ya nemo tsakiyar da'ira. Haƙuri yake koyo, gama sau biyar za ta karye kafin ta tsaya.

Ki tambaye shi don me ƙafar baya ta fi ta gaba girma. In bai sani ba ki gaya masa. Ƙafar baya ita ke jan garma. Girmanta da faɗinta su ke baza nauyin mota a kan ƙasa, shi ya sa ba ta saurin nutsewa a taɓo. Zanen tayar kuwa, mai kama da ƙashin kifi, shi ke cizon ƙasa yana ture laka gefe. Ta gaba ƙarama ce don ta yi sauƙin juyawa. Kin ga ke nan kin ba shi darasin kimiyya kina tankaɗe.

Kada ku zaci mu kaɗai ke wannan. 'Ya'yan manoman Turai da Amurka su ma da tarakta suke wasa. A Ingila kamfanin Britains ya fara yin ƙananan dabbobi da kayan gona na wasa tun 1921. A Amurka kuwa, a 1945, wani maƙeri mai suna Fred Ertl ya zauna gida saboda yajin aiki, sai ya shiga narka ƙarfe a gidansa yana zuba 'yan taraktocin wasa, iyalinsa na taya shi. Abin ya zama babban kamfani. A 1986 aka buɗe gidan tarihi na kayan wasan gona a garin Dyersville na jihar Iowa, inda manya masu furfura kan je su tsaya suna kallon abin da suka yi wasa da shi. Su sun adana nasu a gilashi. Mu namu murhu muke turawa. Alhali kuwa ɗan Bature saya masa aka yi, namu shi ya ƙera da hannunsa. Ku faɗi gaskiya, wa ya fi wani?

ABIN DA KE NEMAN ƁACE MANA

Yanzu zamani ya juya. Motar roba ta cika kasuwa, ga fitila ga kiɗa. Ba na cewa laifi ne a saya wa yaro. Amma ku lura da kyau. Motar roba in ta karye, kuka ne zai biyo baya, sai an sayo wata. Motar kara in ta karye, yaro zai je ya samo wani kara. Ɗaya tana koya masa miƙa hannu, ɗaya tana koya masa amfani da hannu. Ga kuma waya, wadda ake miƙa wa yaro don ya yi shiru. Ya yi shirun kuwa, amma hannunsa ma ya yi shiru.

Babbar hasarar ba ta tsaya ga abin wasa ba. Muna cewa noma tushen arziki, amma da bakinmu muke rushe shi. Yaro ya kawo tantan ɗinsa yana murna, uwa ta ce, "Fitar mini da shara!" Ya faɗi jarrabawa, a ce masa, "Kai dai ƙarshenka gona." To, yaron da ya tashi yana jin gona wurin waɗanda suka kasa ne, yaya za a yi ya so ta? In ya girma sai ya bar gonar ubansa ya tafi birni neman abin da babu. Sa'an nan mu zauna muna kukan tsadar hatsi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Son noma ba a makarantar gaba yake farawa ba, a tsakar gida yake farawa.

KU KUMA 'YAN MATA

Ku 'yan makaranta, da ku nake. Kada wata ta ce muku tantan ta maza ce. Wa ke sussuka, wa ke shiƙa, wa ke surfe? Wa ke kiwon akuya da kaji, wa ke matse man gyaɗa? Rabin aikin abinci a hannun mata yake tun fil azal. Yarinyar da ta iya gina rumbun laka bai rushe ba, ta iya karatun aikin gona. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato akwai sashen aikin gona da na likitan dabbobi. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken aikin gona, inda ake fitar da sababbin irin dawa da masara da wake da gyaɗa. Ba a rubuta a ƙofar ko ɗaya cewa maza kaɗai ba. In ƙanenki yana haɗa mota, zauna kusa da shi ki riƙe masa, gobe ki haɗa taki.

ABUBUWA BIYAR NA KIYAYEWA

Wasa na da daɗi, amma rigakafi ya fi magani. Ga abubuwan da nake roƙon kowace uwa ta sa wa ido.

Na fari, kuma shi ne mafi girma, robar maganin feshi. Yanzu da wuya a sami gidan manomi da babu maganin ciyawa ko na ƙwari. Yara kuwa suna ganin manya na goya injin feshi, sai su ma su nemi kwaikwayo. Su tsinci robar da aka yar, su huda murfin, su zuba ruwa suna fesa wa juna, wani ma ya kai baki. Ko robar ta yi kamar babu kome a ciki, akwai sauran guba a jikinta. Ki gaya wa maigida a ɗauraye ta sau uku can a gona, a huda ta yadda ba za ta sake riƙe ruwa ba, kada ta shigo gida. In kika ga yaro yana dalalar da miyau, yana amai da gumi, numfashinsa na sarƙewa bayan irin wannan wasa, kada ki tsaya ba shi manja ko madara, kada kuma ki sa masa yatsa don ya yi amai. Ki tuɓe masa rigar, ki wanke masa jiki da sabulu, a garzaya asibiti, a tafi da robar don likita ya ga irin maganin.

Na biyu, yanka. Ɓawon kara kaifi gare shi kamar aska, bakin gwangwani kuwa ya fi shi. Ƙananan yara kada a bar su da wuƙa ko reza, yayyensu su fere musu. In an yanke, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a ɗaure da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuba ƙasa ko toka ko kashin shanu, gama ta nan ne ƙwayar tsinkau-tsinkau ke shiga, ciwon nan mai sanƙarar da jiki ya ɗaure muƙamuƙi. Allurar rigakafinsa tana cikin waɗanda ake yi wa jariri yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Ki duba katin ɗanki ki ga ko an cika.

Na uku, batir. Motocin kanti da yawa suna ɗauke da ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale, yakan ƙone maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan. Ki tabbata murfin wurin a ɗaure yake. In an haɗiye, asibiti nan take, ba jiran gobe.

Na huɗu, tantan ta gaske. Kujera ɗaya gare ta, ta direba. Ba wurin yaro a kan murfin taya, ba kuma a kan ƙarfen da ke haɗa ta da tirela. Direba ba ya ganin ƙaramin yaro a bayansa, kukan inji kuma ba ya barinsa ya ji ihu. A yi kallo daga nesa. Haka injin sussuka da na niƙa, bel ɗinsu ba ya sanin hannu ko gefen zane.

Na biyar, kududdufi. Wurin ɗiban laka wurin santsi ne. Ƙaramin yaro kada ya je sai da babba.

WASA DABAM, BAUTA DABAM

Saura magana ɗaya, kada a juya mini zance. Ban ce a cire yaro daga makaranta a miƙa masa fartanya ba. 'Yar gonar bayan ɗaki wasa ce da koyo. Yini a rana ana noma, aji kuwa babu kowa, wannan wani abu ne dabam. Manomin gobe sai ya iya karanta takardar jikin buhun taki, ya iya auna magani, ya iya lissafin abin da ya kashe da abin da ya samu. Wanda zai tuƙa tantan, ko ya gyara ta, ko wata rana ya ƙera ta, sai ya bi ta aji. Kara da alli tare za su tafi.

To, ga aikin da na ba ku na wannan mako. Ke uwar gida, in za ki yi shara kika tarar da motar kara, ɗauke ta ki ɗora a kan katanga. In mai ita ya dawo ki tambaye shi yadda ya haɗa ta, ki kuma yaba masa a gaban ubansa. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidan, a roƙe su su nuna wa jikoki yadda ake gina bijimi da rumbu, tun hannuwan da suka iya suna nan. Ku kuma 'yan makaranta, kowace ta haɗa tantan ɗaya ta kai wa malamarta, ku jera ku ga ta wa za ta fi tafiya ba ɗingishi. Wadda ta san wani irin abin wasan gona da ban ambata ba, ta rubuto mana yadda ake yinsa a garinsu, mu buga don kowa ya ƙaru.